Liƙi a Goshin Mai Gita

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin wata Lahadi a Lyon, ranar da ni, Hajiya guda mai zuwa Makka sau biyu, aka riƙe mini hannu za a fitar da ni daga gidan kiɗa ana cewa na sha na bugu. Yau ina ba da labarin ina dariya, amma a ranar da ƙasa za ta tsage da na shige ban waiwayo ba.

Bari in faro daga tushe. Ni mutuniyar Maraɗi ce, shekara ashirin da 'yan kai ina zaune a Montreuil, nan gefen Paris. Ina sayar da shadda da leshi da turaren wuta, sana'ar da muka fara tare da maigidana Alhaji kafin Allah ya karɓi abinsa. 'Ya'yana uku, kuma wanda na yi wannan abin kunya saboda shi, shi ne na farin. (Kada ku tambaye ni sunansa tukuna. Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta yabonsa a gaban jama'a, ba ta jansa a jiki, ko kallonsa ma sai a sace.) Tun yana zanen goyo "kai" nake ce masa, in ina zancensa da wasu kuma in ce "yaron nan". Shi kuwa yana da shekara huɗu muka zo da shi Faransa, ya tashi cikin 'ya'yan Turawa waɗanda uwayensu ke rungume su a ƙofar lakkwal, wato makaranta, suna kiransu da sunaye masu zaƙi. Akwai ranar da ya tambaye ni, yana ɗan ƙarami, "Mama, kin manta sunana ne?" Na ce ya wuce ya ci tuwonsa kafin ya huce.

Da ya girma ya tafi Villeurbanne, kusa da Lyon, karatun injiniya. Ya gama lafiya lau, ya samu aiki can. Ranar da ya zo gida da takardar shaidarsa, ya shigo da wani dogon akwati baƙi rataye a baya. Na zaci kayan awo ne irin na injiniyoyi, har na share masa wuri a bayan ƙofa. Da ya buɗe sai ga gita, ƙatuwa, mai tsirkiya huɗu kawai. Ya ce sunanta bas, kuma shekara biyu ke nan yana kaɗa ta a ƙananan gidajen kiɗa, yanzu ma wani dattijo mai irin kiɗan nan na baƙaƙen Amurka da ake ce wa bulus yana gwada shi ko zai ɗauke shi cikin mutanensa.

Ina da baki, wannan kowa a layinmu ya sani, kuma ranar na yi amfani da shi. Na ce mu ba mu gaji roƙo ba. Kakanka malami, ubanka ɗan kasuwa, kai kuma ka ƙare a makaɗi? Na ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kai kukan gidan wa ka ɗauko? Ya rufe akwatinsa ya koma Lyon a jirgin yamma, bai ko tsaya cin dambun da na yi masa ba. Daga nan sai gaisuwar Juma'a a waya, ita ma a gajarce: ina kwana, ina gajiya, sai an jima. Wata takwas muka yi a haka. Ina sayar da shadda ina dariya da mutane, amma raina a ɓace yake, domin na ga ɗana yana sulluɓe mini kuma ni ce na sake shi.

Rannan sai ga saƙo a wayata: za su yi wasa a Paris ranar Asabar da ƙarfe bakwai, ga adireshin, "in kina so". Ban ba shi amsa ba. Na dai kira ƙawata Hajiya Balki, wadda shagonta ke jikin nawa, na ce ta raka ni wani wuri amma kada ta faɗa wa kowa. Shirina shi ne mu laɓe a baya, in gani da idona, mu sulale ba wanda ya sani. (Ku duba wannan dabara: mata biyu masu jiki, da mayafai da ɗaurin kai, za su ɓuya a ɗakin da bai fi cin mutum arba'in ba, duk Turawa.)

Wurin a ƙarƙashin ƙasa yake, sai da muka sauka wani matsattsen tsani muna riƙe da bango muna a'uziyya. Muka samu lungu muka zauna. Na ce a kawo mana lemo, kuma a buɗe kwalbar a gabana. Can sai ga dattijon ya fito, baƙin mutum ɗan Amurka wanda ya daɗe a Faransa, siriri, da malafa a kai da wata jar gita da fentinta ya goge. Yaron nan Tsoho yake ce masa, ni ma haka zan kira shi. Ya zauna kan kujera, ya tura malafar baya, ya rufe ido. A bayansa akwai mai ganguna da mai piyano, Turawa biyu, sai kuma nawa a tsaye daga gefe.

To, ni dai na je ne in ga abin zargi. Amma da Tsoho ya ja tsirkiyar nan ta yi wani irin kuka, sai na ji tsigar jikina ta tashi. Ban san me yake faɗa ba, da Ingilishi yake waƙar, sai dai na san irin kukan. Akwai wani mai molo da ke zama a bakin kasuwar Maraɗi muna yara, in ya kaɗa sai ka ga manyan mata sun tsaya da tallarsu a kai. Haka gitar Tsoho take yi: ya faɗi magana, ita ta amsa masa, ya sake faɗa, ta sake amsawa. A ƙarƙashin duk wannan kuma akwai wata murya mai kauri da ba a kunne ake jin ta ba, a ƙirji ake ji, tana tafiya a hankali tana riƙe da kowa. Sai da na daɗe kafin na gane daga hannun ɗana take fitowa. Ya karkata kai gefe, daidai yadda ubansa ke yi in yana auna yadi. Na tuna Alhaji, na share ido da bakin mayafi, kuma na ji alfahari irin wanda ban taɓa ji ba.

Sai aka zo hutu, mai gidan ya ɗauko wata hula ya fara zagayawa da ita tebur-tebur. Na ga mutane suna laluben aljihu suna jefa tsaba, ƙwal, ƙwal. Na tambayi Hajiya Balki mene ne wannan, ta ce ai na makaɗan ne, haka suke yi a nan. Ɗana, jikan malamai, ya yi wannan kiɗa mai sa mutum kuka, a saka masa da tsaba a cikin hula? Kafin hular ta iso lungunmu na miƙe, na ja Balki muka haye tsanin nan muka fita.

Washegari waya ta yi ƙara, kuma ba Juma'a ba ce.

"Mama, na gan ki jiya."

"A ina?" (Ku ji ƙarya a bakin babba.)

"Mama, s'il te plaît, don Allah. Tun shigowarku na ji ƙamshin turarenki. Kuma na ga fitarki."

Nan ne ya kamata in ce masa kiɗan ya ratsa ni, hular ce ta ɓata mini rai. Amma yaya uwa za ta buɗe baki ta yabi ɗan fari? Sai na ji bakina yana cewa, "Zafi ne ya yi yawa a ramin nan naku."

Ya ce, "Ba komai. Na gane kunyata kike ji. Lahadi mai zuwa muna wasa a Lyon da ƙarfe biyar, ranar ce Tsoho zai faɗa ko zai ci gaba da ni. Na so a ce kina nan, amma ba sai kin zo ba. Ba zan sake damunki da zancen ba."

Muryar da ya yi maganar da ita ta fi tsorata ni a kan maganar kanta. Ba fushi a ciki, irin ta wanda ya riga ya haƙura ce. Na san in na bar wannan Lahadin ta wuce, gaisuwar Juma'ar ma wata rana za ta ɗauke.

Na kai kukana wurin Hajiya Balki, kuma a nan aka haifi masifar. Ta ce, "Ke Hajiya, mi kike ma kuka? Ai a gida in makaɗi ya yi daɗi ba tsaba aka jefa mishi ba. Liƙi aka yi! Ki tafi ki nuna musu yadda munka iya girmama mai kiɗi." Na ce ina ni ina liƙa wa ɗan fari kuɗi a bainar jama'a? Ta ce, "Wa ya ce shi za ki liƙa mawa? Ki liƙa ma ubangidanshi. Wadda ta girmama ubangida ai ta girmama yaro, shi kuma zai gane saƙon." Wallahi a lokacin na ga hikima a maganar nan. (Ita kuwa mai ba da shawarar, da ranar ta zo sai ciwon gwiwarta ya tashi, ni kaɗai na tafi.)

Na je banki na ce a ba ni takardu sababbi fil, domin ba a liƙi da tsohon kuɗi. Ranar Lahadi na fito da shaddata mai maiƙo ruwan ƙwai, na kafa ɗauri ture-ka-ga-tsiya, na yi turare har sai da maƙwabciyata ta leƙo. A jirgin ƙasa awa biyu ina bitar yadda zan yi: in tashi a natse, in taka a hankali, in liƙa, in juyo in zauna. Na yi wannan a bukukuwa ba iyaka, daga Maraɗi har zaurukan biki na Paris, ban taɓa kuskure ba. Abin da ban tsaya na tambayi kaina ba shi ne, a cikin duk waɗanda na taɓa yi wa liƙi, akwai wanda yake kiɗa ido rufe?

Gidan kiɗan na Lyon ya fi na Paris ƙanƙanta. Dandalin bai fi tsawon taki ɗaya daga ƙasa ba, kuma duk wayoyi ne a shimfiɗe kamar igiyoyin shanya da iska ta kayar. Wannan karon ban nemi lungu ba, na zauna a tebur na biyu. Yaron nan ya fito, ya gan ni, ya tsaya cak. Na kawar da kai na shiga gyaran mayafi, shi ma ya sunkuya yana murɗa kunnuwan gitarsa.

Suka yi waƙa uku masu ɗan sauri, mutane na kaɗa kai suna buga ƙafa. Da ina da wayo da a nan na tashi. Amma na ce a'a, sai kiɗi ya kai inda ya kai. A ta huɗu Tsoho ya sassauta komai. Mai ganguna ya koma shafa fata da wasu 'yan tsintsiyoyi, mai piyano ya ɗauke hannu, ya rage gita da bas kawai. Ɗakin ya yi tsit, ko kofi ba mai ajiyewa. Tsoho ya tura malafa baya, ido a rufe, gumi na sheƙi a goshinsa. Na dubi goshin nan na ce a raina, wannan ai an yi shi ne don liƙi.

Na miƙe. Na taka da rangajin nan na matan biki, jaka a hammata, takardu a hannu. Na hau dandalin. Na zaro ta farko na manna masa a tsakiyar goshi, da ɗan ƙarfi don ta zauna.

Jama'a, bawan Allahn nan yana can wata duniya, sai ya ji hannu a fuskarsa. Ya zabura ya yi wata ƙara, hannunsa ya daki tsirkiyoyin gaba ɗaya, gitar ta yi kururuwa kamar an taka wutsiyar kyanwa. Malafa ta faɗi. Ni ma na firgita na ja da baya, dunduniyar takalmina ta harɗe waya, na fizge ta daga jikin gitar. Lasifika ta ɗauki wani gurnani mai toshe kunne. Sauran takardun suka watse a ƙasa. Mai ganguna ya tsaya da tsintsiyoyinsa a sama, baki buɗe. Tsoho kuwa yana zaune yana haki, takardata na nan daram a goshinsa, ta rufe masa ido ɗaya.

Abu ɗaya ne bai tsaya ba a ɗakin nan, shi ne bas. Dum, dum, dum, dum, yana tafiya a hankali kamar ba abin da ya faru. Yaron nan ya sunkuyar da kai, kunnuwansa kaɗai nake gani, amma yatsunsa ba su fasa ba.

Mai gidan ya iso ya kama ni a gwiwar hannu. "Madame, s'il vous plaît, zo mu je waje ki sha iska." Sai na ji wata mata a tebur na gaba tana raɗa wa mijinta, raɗar da kowa ya ji, wai baiwar Allah ta sha da yawa. Ni! Da lemona a kan tebur, wanda aka buɗe a gabana! Na buɗe baki in yi bayani, Faransancin da nake ciniki da shi shekara ashirin ya gudu ya bar ni. Abin da ke raina kawai shi ne na kashe wa yaron nan kasuwa a ranar da ake gwada shi. Garin neman gira na rasa ido. Na sadda kai na bi mai gidan.

Mun kusa ƙofa sai na ji muryar Tsoho a lasifika, da Faransancinsa mai ɗingishi irin nawa. Ya ce a dakata. Ya ɓare takardar daga goshinsa, ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Na tsufa ina kiɗa. An jefe ni da kwalba, an jefe ni da takalmi. Yau ne aka fara marina da kuɗi." Ɗakin ya fashe da dariya. Ya ce, "Madame, wa ya kawo ki nan? Ke ta wace ce?"

Na juyo. Na nuna gefen dandali da haɓa, na ce, "Uwar wancan ce."

Tsohon nan ya san sarai wa nake nufi, mu uku ne kaɗai baƙaƙe a ɗakin. Amma ya waiwaya ya dubi mutanensa ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Yara uku gare ni a nan, Madame. Wanne ne naki? Ba shi da suna?"

Bas ɗin na ci gaba da tafiya. Yaron nan ya ɗago kai ya dube ni, kuma na gane kallon, shi ne na ranar da ya tambaye ni ko na manta sunansa. Shekara ashirin da bakwai sunan yana bakina ban taɓa furta shi ba, ko a ɗaki ni kaɗai. Na ji kunya ta kama ni tun daga tafin ƙafa. Sai na tuna ai kunyar da ta fi wannan na riga na sha ta minti biyu da suka wuce, a gaban mutanen nan dai, me ya rage?

Na ce, "Haruna." Sai na sake da ƙarfi. "Haruna. Ɗana ne. Kuma ya iya."

A nan ne bas ɗin ya yi tuntuɓe, sau ɗaya tak, sannan ya kama hanyarsa. Tsoho ya mayar da wayar gitarsa, ya soke takardata a zaren malafa, ya ce a ba Maman Haruna kujera a gaba. Ya koma kan waƙar daidai inda na katse ta, amma na lura har aka tashi ido ɗaya yake rufewa.

Bayan an gama, mutane suka tattaro mini takarduna, na zuba su duka a irin hular nan da na raina a Paris, ba wanda ya ce mini komai. Tsoho ya riƙe hannun Haruna ya ce mini, mai bas ɗin da uwarsa za ta hau dandali ta tsinke waya bai saki kiɗa ba, shi ba zai sake shi ba. Matar nan mai raɗa ma ta zo ba ni haƙuri, na ce ba komai, amma sai da na ɗaga mata kwalbar lemona ta gani.

Haruna ya raka ni gar, tashar jirgin ƙasa, gita a baya, jakata a hannunsa. Rana ba ta gama faɗuwa ba. Muka yi tafiya mai nisa, can ya ce, "Mama."

"Mene ne?"

"Sake faɗa."

"Kai, tafi can. An ce maka waƙa ce da za a yi ta maimaitawa?"

Ya yi dariya har da tsayawa a hanya, rabon da in ji wannan dariyar tun ubansa na da rai. Juma'ar da ta biyo baya bai kira ba, da kansa ya zo, ya cinye dambun har da ƙanzo.

Abin da na koya guda biyu ne. Na farko, kafin ki yi wa makaɗi liƙi, ki tabbata idonsa biyu. Na biyu, saƙon da baki ya kamata ya kai, kada ki ba jaka ta kai miki. Na biya kuɗin jirgi, na ɓata sabuwar shadda da gumi, an kira ni mashayiya a garin mutane, duk don in guje wa kalma ɗaya, kuma a ƙarshe sai da na faɗe ta. Har yau dai "kai" nake ce masa, hali zanen dutse. Amma a wayata, inda dā na rubuta "Yaron nan", yanzu in ya kira, sunansa ne ke fitowa, kuma nakan bar ta ta ɗan yi ƙara ina kallo kafin in ɗauka.